Gini a Kan Yashi: Tarihin Dokar Gini a Zangon Kwatano

Duk Bahaushen da ya taɓa fataucin mota ko atamfa ya san sunan Kwatano, babban birnin ciniki na Jamhuriyar Benin. Amma ba kowa ne ya san birnin nan yana zaune a kan ɗan siririn tudun yashi ba, teku a kudu, tafkin Nokuwe a arewa. A unguwanni da yawa, in mutum ya haƙa rami kamu biyu ko uku sai ya tarar da ruwa. A tsohon gari, kusa da tashar jirgin ƙasa, akwai unguwar da ake rubuta sunanta Zongo, wato zango, inda Hausawa da Zabarmawa da Dendawa da sauran mutanen arewa suka sauka. Bari mu bi tarihin dokokin gini na birnin nan, mu ga yadda suka taɓa mutanen zango. Abin da za mu tarar shi ne, dokar da ta riga harsashi zuwa takan kiyaye talaka, amma wadda ta zo bayan an rufa ɗaki, da katafila take zuwa.

Gari tsakanin ruwa biyu

A harshen Fon, sunan garin yana nufin bakin kogin mutuwa. A dā ƙaramin wuri ne a ƙarƙashin sarakunan Dahomi na Abome. A shekarar 1868, a zamanin Sarki Glele, Faransawa suka sami yarjejeniyar da suka ce ta ba su Kwatano. Ɗansa Behanzin bai yarda da wannan ba, har aka gwabza yaƙi a 1890, aka sāke a 1892, Dahomi kuwa ta fāɗi.

Tun kafin yaƙin, ruwa ya riga ya nuna wa Turawa halinsa. Kogin Weme yana gangarowa daga arewa ya zuba a tafkin Nokuwe, in ya cika sai tafkin ya tumbatsa ya malale gari. A watan Satumba na 1885 aka haƙa ɗan rami ta cikin yashi domin ruwan ya sami hanya zuwa teku. Ruwan da kansa ya faɗaɗa ramin, ya mai da shi babbar mashiga wadda har yau ta raba birnin biyu, tsohon gari a yamma, Akpakpa a gabas. Ruwan gishiri kuwa ya shiga tafkin, ya sāke irin kifayen da ke cikinsa. Wannan shi ne darasi na fari: abin da mutum ya yi wa ƙasa a wuri ɗaya, sakamakonsa yakan ɓullo a wani wuri.

Har wa yau, damina biyu ake yi a Kwatano, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan sama yakan kai wajen milimita 1,300 a shekara, ƙasar kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ba gangaren da zai kwashe shi.

Yadda zango ya zama gida

Zango asalinsa wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Fataken goro da ke zuwa Gwanja daga Kano da Katsina sun bi ta Nikki da Jugu a arewacin ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa. Da hanyar ciniki ta juya zuwa bakin teku, sai su ma suka juya. Faransawa sun ɗauki wata rundunar sojoji da suka kira ta Hausawa a yaƙin Dahomi. Sun gina gadar ƙarfe mai shiga cikin teku domin sauke kayan jiragen ruwa a farkon shekarun 1890, suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a 1900, ta kai Paraku a shekarun 1930. Daga Paraku motoci ke ɗaukar kaya zuwa Gaya da Yamai da Maraɗi. Ta wannan hanya mahauta, da masu tsire, da dillalan dabbobi, da malamai, da fatomai suka cika unguwar. A lissafin hukuma akwai Zongo Nima da Zongo Ehuzu, a gunduma ta biyar ta birnin. Kalmar Ehuzu kuwa ita ce kirarin juyin juya hali na zamanin Janar Matiyu Kereku.

Maginin Hausa da ya iso nan ya tarar gwanintarsa ba ta da wurin aiki. A gida yana da jar ƙasa ta tubali, da azara, da makuba. A Kwatano yashi ne zalla, jar ƙasa sai an hau tudun Alada ko Porto-Novo, laima kuma tana cin bango daga ƙasa. Saboda haka gidajen farko na talakawa na gwangwala ne da ganyen kwakwa, daga baya kwano ya zo, sa'an nan bulo na sumunti.

Dokar Turawa

Faransawa sun yanka garin gida-gida kamar dara, suka ba kowane yanki lamba, shi ya sa mutumin Kwatano yakan yi kwatancen gidansa da lamba. Suka ɗauki bakin teku mai iska domin ofisoshi da gidajensu, suka bar wa 'yan ƙasa da baƙi bayan gari. A 1904 aka kafa dokar kiyaye lafiyar jama'a ta dukan ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma. Ita ta ba duba-gari iko ya shiga gida, ya leƙa randa, ya ci tarar wanda aka sami 'ya'yan sauro a ruwansa, a rushe ɗakin da aka ce ba shi da tsabta.

Ba za a ce dokar ba ta da dalili ba, gama shawara da zazzaɓin cizon sauro suna kashe mutane. Amma an yi ta domin a kāre Bature daga talaka ne, ba domin a kāre talaka daga cuta ba. An ga haka a fili a Dakar a 1914, sa'ad da annoba ta ɓarke: aka ƙone bukkokin 'yan ƙasa, aka tura su sabuwar unguwa mai suna Madina. Tun daga wannan zamani talaka ya ɗauki dokar gini a matsayin bulala, wannan tunani kuwa bai mutu ba.

Gini kafin awo

Dahomi ta sami mulkin kai ran 1 ga Agusta 1960. A watan Yuli na shekarar aka yi dokar takardar izinin zama. Ga yadda take a wancan lokaci: filin na gwamnati ne, an dai yarda maka ka zauna, ana kuma iya karɓewa. Cikakkiyar takardar mallaka tana da tsada, hanyarta kuma doguwa ce, kaɗan ne suka same ta. To, mai karatu, wa zai kashe dukiyarsa wajen ɗaga harsashi da gina magudana a filin da bai tabbata nasa ba ne? Balle baƙo, wanda kullum ana iya ce masa ya koma garinsu.

Tsoron nan ba na banza ba ne, gama mutanen zangon Kwatano suna da 'yan'uwa a Lome, babban birnin Togo, tafiyar sa'o'i kaɗan ta bakin teku. A 1977 gwamnatin Togo ta rushe zangon Lome da ke tsakiyar gari, ta kwashe mutanensa zuwa bayan gari can arewa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Ana cikin haka birnin ya yi ta kumbura. Ƙidayar 1979 ta sami mutum wajen 320,000, ta 1992 fiye da 530,000, ta 2013 kuma wajen 679,000, ban da ɗimbin waɗanda suka malala zuwa Abome-Kalabi da Seme. Tsofaffin unguwanni irin su zango suka cushe, aka yi ta ƙara ɗakunan haya a tsakar gida har ba sauran wurin da ruwa zai nutse. Waɗanda ba su sami wuri ba suka sayi fili a fadama daga hannun masu gargajiya, suka cike shi da shara da yashi, suka yi gini. Sai bayan shekaru ma'auna su zo su fitar da titi. Wato gini ya riga awo. Fadamun nan kuwa su ne randunan da ke karɓar ruwan birnin. Wanda ya cike fadama bai kori ruwa ba, ya tura shi ɗakin maƙwabcinsa ne kawai. Ga kuma rijiya da salga suna kusa da juna a cikin yashi, shi ya sa cutar amai da gudawa takan biyo bayan ambaliya.

Yashi da teku

Bulo yana bukatar yashi, yashi mafi sauƙi kuwa na bakin teku ne. Shekara da shekaru manyan motoci suna kwasarsa, musamman a wajen Seme. Ga shi kuma sabuwar tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1965 ta tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma zuwa gabas. Sai yashi ya taru a yammacin tashar, teku kuwa ta shiga cin gabas, ta haɗiye gidaje da tituna a Akpakpa. Mai gini a zango bai taɓa ganin gidajen nan ba, amma a cikin bangonsa akwai yashin da ya kamata ya kāre su. A watan Oktoba na 2008 gwamnatin Boni Yayi ta hana ɗiban yashi a bakin teku, magina suka koma ga wanda ake yasowa daga tafki da fadama. Daga 2012 kuma aka fara jera shingayen duwatsu a gabashin birnin domin a rage ƙarfin igiyar.

Dokokin kiyaye muhalli

Bayan babban taron ƙasa na Fabrairu 1990, tsarin mulkin da aka kafa ran 11 ga Disamba na shekarar ya ba kowane mutum hakkin zama a muhalli mai lafiya, ya kuma ɗora masa nauyin kiyaye shi. A 1992, shekarar taron duniya na Riyo a ƙasar Barazil, aka fitar da umarni mai bayyana wuraren da ba su dace da zama ba, kamar fadama da hanyar ruwa. A 1995 aka kafa hukumar muhalli ta ƙasa. Babbar dokar muhalli ta 12 ga Fabrairu 1999 ta ce kafin a fara babban aiki sai an binciki abin da zai yi wa ƙasa da ruwa da mutane, an kuma sami takardar shaida. A 2013 aka yi sabuwar dokar filaye domin a daidaita maganar mallaka.

Dokoki ke nan masu kyau, amma doka a takarda ba ta tare ruwa. Yawancin masu ƙananan gidaje ba su nemi izinin gini ba, domin neman izini yana bukatar takardar fili da zanen gwani, su kuwa ba su da ko ɗaya. A 2010 aka yi ambaliyar da ba a ga irinta ba tun 1963. Ta shafi mutum wajen 680,000 a ƙasar, aka ga kwalekwale yana yawo a wasu titunan Kwatano.

Da Patrice Talon ya hau mulki a 2016, gwamnatinsa ta ɗauki hanyar ƙarfi. Aka shafa jan fenti a jikin rumfuna da shagunan da suka ci gefen titi, a farkon Janairu 2017 kuwa katafila ta fito. Tituna suka buɗe, aka sami hanyar gina magudanai, amma masu ƙananan sana'o'i da yawa suka rasa wurin neman abinci dare ɗaya. Umarnin ya taɓa har ibada a kan titi, ko sahun sallar Jumma'a da ya fito waje saboda masallaci ya cika, ko jerin gwanon ikilisiya. Sai da shugaban ƙasa ya zauna da shugabannin addini kafin a sami sassauci. Bayan wannan aka ƙaddamar da babban shirin magudanan ruwan sama na Kwatano, wanda Bankin Duniya ya sa hannu a kansa a 2019 tare da wasu bankuna.

Abin da za mu koya

Tarihin nan ya koya mana abu uku. Na fari, ruwa ya riga kowace gwamnati kafa doka, ba ya karɓar toshi, ba ya kuma mance hanyarsa. Na biyu, mutum yakan kiyaye abin da ya tabbata nasa ne. Hukumar da ke so talaka ya yi gini bisa ƙa'ida, sai ta fara ba shi takardar fili mai araha, ta auna titi da magudana kafin ya kafa harsashi. Na uku, ba dukan laifin ke kan hukuma ba. Wanda ya zuba shara a lambatu, ko ya ɗaga daɓen ƙofarsa ya juya ruwa gidan gwauruwar da ke kusa da shi, ya karya wata doka da ta girmi ta gwamnati, wato hakkin maƙwabci.

Wannan magana ba ta Kwatano kaɗai ba ce. A Kano an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, ruwan da suke karɓa kuwa yanzu cikin gidaje yake shiga. Saboda haka, kai da kake shirin gina gida, ko shago, ko makaranta, ko ɗakin sujada, kafin ka sayi buhun sumunti na farko ka tambayi dattawan unguwa inda ruwa yake bi da damina. Ka nemi takardarka tun da wuri, ka bar wa ruwa hanyarsa, ka nisanta salga daga rijiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.