Na'urar Ban Ruwa Mai Tafiya da Kanta

Shekaru aru-aru manomin rani ya dogara ne ga jigo da ƙarfin damtsensa. A shekarar 1952 wani manomi a Jihar Kolorado ta Amurka, Frank Zybach, ya sami rajistar mallakar wata na'ura, watau dogon bututu bisa ƙafafu, wanda ƙarfin ruwan cikinsa ke tura shi yana kewaya rijiya yana yi wa gona yayyafi. A 1954 Robert Daugherty ya sayi izinin ƙera ta, daga nan ta bazu a duniya.

Saudiyya na cikin waɗanda suka rungume ta, har ta riƙa sayar da alkama ƙasashen waje a shekarun 1980. Sai dai ruwan da aka zuƙo daga ƙarƙashin hamada ya taru ne tun shekaru dubbai, ruwan sama kuwa ba ya mayar da gurbinsa. A 2008 gwamnati ta yanke shawarar daina sayen alkamar gida, aka rufe shirin a 2016.

Saboda haka, ku ma'aikatan da kuke sa hannu a kan irin waɗannan ayyuka, ku fara bincika abin da ke cika rijiya kafin ku tambayi kuɗin na'ura.