Tsatsa da fatar ƙarfe: daga maƙeran Damagaram zuwa inox

Masu binciken tarihin ƙira a ƙasar Hausa sun fi maida hankali ga yadda ake fidda ƙarfe daga tama da yadda ake sarrafa shi. Nicole Échard ta yi aiki kan maƙeran Adar, Philip Jaggar kan na birnin Kano, André Salifou kuma ya yi bayanin rundunar Damagaram cikin littafinsa na 1971. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: bayan an ƙera, me ke kare ƙarfen daga tsatsa? Wannan ɗan rubutu na son ya nuna cewa, in aka cire mai da ake shafawa, amsar guda ce tun wancan zamani: wata ƴar fata da ƙarfe ke yi wa kansa idan ya haɗu da iska.

A zamanin sarki Tanimun ɗan Sulemanu, wanda ya sake hawa gadon sarauta a 1851 ya riƙe har 1884, Zinder ta tara bindigogi, ana haɗa albarushi, ana kuma zuba igwogin tagulla a cikin birni. Ke nan maƙeran baƙi da maƙeran fari duka suna cikin aikin, amma matsalarsu ba ɗaya ba ce. Tagulla idan ta daɗe a iska takan dushe ta yi duhu, wani lokaci kore, kuma wannan dushewar ita ce ke rufe ta, ta rage saurin ci. Baƙin ƙarfe ya fi wuyar sha'ani, domin fata iri biyu yake yi. Wadda yake fitowa da ita daga wuta baƙa ce, mai kama jiki (Fe3O4), kuma idan ta sha mai takan tsare laima. Jar tsatsa kuwa kumbura take yi tana ɓarewa, ta buɗe sabon ƙarfe ga ruwa. Mai takobin da ke shafa mai ya maida cikin kube, tsakanin waɗannan fatu biyu yake zaɓe, ko da bai san sunansu na kimiyya ba.

Yanayi ma ya taimaki Damagaram. Rani ya fi wata bakwai, kuma tsatsa ba ta tafiya sai da laima. Amma ba ko'ina haka yake ba. A Gidimuni, gabas da Zinder kan hanyar Gure, akwai tabki, ruwa na kusa da doron ƙasa, ƙasar kuma tana da kanwa. A nan ya kamata a rarrabe: kanwa ita kaɗai ba ta cika cutar da baƙin ƙarfe ba. Gishirin da ke gauraye da ita, wato sinadarin kulorir, shi ne mai ɓarna, kuma shi ne babban abokin gaban ƙarfen da ya zo daga baya.

Wannan ƙarfe shi ne inox (acier inoxydable), wanda Harry Brearley ya samo a Sheffield ta Ingila a 1913, yana neman ƙarfen da zai jure zaizaya a cikin bakin bindiga. Abin lura ne cewa nan ma daga bindiga maganar ta taso. Idan kurom ya kai kashi 10.5 cikin ɗari na ƙarfe, yakan haɗu da iskar oksijin ya yi fata mai kaurin nanomita 1 zuwa 3, alhali nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ido ba ya ganinta, kuma in aka karce ta takan sake rufewa da kanta. Kulorir kuwa yakan huda ta a wuri ɗaya, ya yi ta cin rami zuwa ciki, waje na ƙyalli. Saboda haka sunan «marar tsatsa» ya fi ƙarfin abin.

Wannan ba maganar ɗakin bincike ba ce kawai. A shekarun 1980 an kafa famfunan hannu da yawa a ƙauyukan Afirka ta Yamma da bututun ƙarfe mai rufin zinki. Binciken Otto Langenegger na 1994, wanda ya haɗa da Nijar, ya nuna yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke cinye su, ruwa ya fito ja da ɗanɗanon ƙarfe, mata su koma rijiyar gargajiya. Aka ba da shawarar komawa ga inox. Amma inox iri-iri ne: lamba 304 na da kurom 18 da nikel 8 cikin ɗari, lamba 316 an ƙara masa molibden 2 zuwa 3 don ya jure gishiri, akwai kuma masu araha da aka rage musu nikel aka cika da manganis. A kasuwa duk ƙyallinsu ɗaya.

Mataki na baya-bayan nan shi ne a ɗora wa inox fata ta biyu da gangan. Dabarar ta samo asali daga aikin masana na Leningrad a shekarun 1960 da na Tuomo Suntola a Finlan a 1974. Ana saka ƙarfe cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, a tura tururin sinadari ɗaya, a share, a tura na biyu. Kowane zagaye na barin kimanin kashi ɗaya cikin goma na nanomita. Da zagaye ɗari biyar ana samun rufin alumin mai kaurin nanomita 50, wanda ke bin kowane lungu na ƙarfen, kuma akan haɗa shi da na titan don a toshe ƙananan ramuka. Sai dai wannan rufi, saɓanin fatar kurom, ba ya sake rufewa in ya karce, kuma aikin ya fi dacewa da ƙananan kaya masu tsada.

A ganinmu, bututun rijiya a wuri irin Gidimuni ba wannan yake jira ba. Abin da zai yi masa amfani shi ne a auna gishirin ruwan kafin a sayi bututu, a rubuta lambar ƙarfe cikin takardar kwangila, sannan a gwada abin da ɗan kwangila ya kawo kafin a zura shi cikin rami.