Tushen Ruwan Managil: Kewayawar Teku da Makomar Noman Jazira

Manomin da ya sammako ya buɗe bakin ƙaramar hanyar ruwa da ake kira abu ashirin don shayar da hawasharsa, wato gonarsa, a karkarar Managil ta yankin Jazira a ƙasar Sudan ya san hanyar ruwansa. Daga Tafkin Tana na ƙasar Habasha yake tasowa, ya biyo Shuɗin Nilu ja wur da laka kamar kunun kanwa, ya ratsa madatsar Rusairis da aka gama a 1966, ya iso ta Sinnar da aka gama a 1925, sannan tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ta rarraba shi gona-gona. Wannan sani daidai ne, amma ya tsaya a rabin hanya. Hujjar wannan maƙala ita ce, wani babban kaso na hukuncin ko kogin zai cika ko zai rame, a cikin teku ake yanke shi, har da tekunan ƙanƙara na ƙuryar arewacin duniya. Saboda haka binciken masana teku ya shafi tukunyar Bahaushen Jazira kai tsaye.

Tarihi ya riga ya yi mana ishara. Mutanen da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, sun yi zango a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wasu dubbai kuma hanyar Makka ta ajiye su a gonakin auduga. A 1913 Nilu ya yi ƙarancin ruwan da ba a taɓa auna irinsa ba, a daidai lokacin da ƙasar Hausa ta faɗa yunwar Kakalaba. A 1984 ma haka aka yi, fari ya haɗa Katsina da Maraɗi da Kurdufan da Habasha a tabarma ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. In wurare masu nisan dubban kilomita suka bushe tare, to sababin ya fi ƙarfin gari guda.

An daɗe ana ɗora laifin a kan talaka. A 1975 masanin yanayi Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa ƙasar da kiwo ya tsiraita tana mayar da hasken rana sama, hadari ya kasa haɗuwa. Daga nan aka yi ta zargin makiyayi da mai saran itace. Sai a 1986 Folland da Palmer da Parker suka nuna cewa daminar Sahel tana tafiya da bambancin ɗumin tekunan arewa da na kudu. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba na'ura tarihin zafin saman teku kawai, sai ga ta ta fito da farin shekarun 1970 da 1980. Lalacewar ƙasa tana ƙara wa ciwon zafi, amma tushensa yana teku.

Ga yadda abin yake aiki. A zuba ruwan daɗi a ƙwarya, a tsiyaya masa ruwan sanyi mai gishiri a hankali, za a tarar na biyun ya kwanta a ƙasa saboda ya fi nauyi. Haka Tekun Atlantika yake yi. Ruwa mai ɗumi yana tafiya arewa ta sama, ya isa Tekun Labrado da gefen Girinlan, ya huce, ya yi nauyi, ya nutse, ya dawo kudu ta ƙarƙashi. Na'urorin da aka jera a faɗin tekun tun 2004 sun auna kimanin kubik mita miliyan 17 na ruwa a kowace daƙiƙa. Wannan kewayawa tana kai zafi arewacin duniya, ita kuwa ɗamarar hadarin da ke kawo mana damina tana karkata ne zuwa ɓangaren da ya fi ɗumi. In kewayawar ta yi rauni, arewa ta huce, hadari ya ja baya zuwa kudu.

Tun 1961 masanin teku Henry Stommel ya nuna da lissafi cewa irin wannan kewayawa tana iya sauya hali farat ɗaya idan ruwan daɗi ya yi yawa a wurin nutsewar. Ƙasa ta ajiye shaidar hakan. Kimanin shekara 17,000 da suka wuce, tarin ƙanƙara ya kwararo cikin arewacin Atlantika, kewayawar ta kusan tsayawa, lakar da aka haƙo daga gindin Tafkin Tana kuma ta nuna cewa tafkin ya ƙafe a wannan zamani. Mafarin kogin da ke ciyar da Jazira ya taɓa zama busasshen fili. Yau ƙanƙarar Girinlan tana narkewa. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce da wuya kewayawar ta kauce wa rauni a wannan ƙarni, ko da yake bai ɗauki rushewarta kafin 2100 a matsayin abin da ya fi yiwuwa ba.

Wancan haɗari ne na dogon zango. Akwai na kusa, wanda ɗan ƙasar Sudan ya bincika. Alfatih Altahir, wanda ya yi karatu a Jami'ar Khartum kafin ya zama farfesa a MIT ta Amurka, ya nuna a 1996 cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hawa da saukar ruwan Nilu daga shekara zuwa shekara yana da nasaba da ɗumamar Tekun Fasifik da ake kira El Nino. Shekarar El Nino kogi yakan rame, shekarar kishiyarta La Nina yakan cika. Ambaliyar Khartum ta 1988, da ta 2020, da ruwan da ya rushe gidaje a Managil a watan Agusta na 2022, duk a shekarun La Nina suka faɗo. Binciken da Altahir ya yi da Muhammad Siyam a 2017 ya ƙara da cewa ɗumamar duniya za ta tsananta wannan tangal-tangal.

Mai suka zai ce damuwar Managil ta fi teku kusa: tur'o'in da laka da ciyawa suka toshe, mazauna kambo, wato matsugunan leburorin gona, da suka yi shekara da shekaru suna tsinkar auduga ba su da taƙi ko ɗaya, da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa Wad Madani. Zai kuma ce madatsar Habasha ta Annahda za ta daidaita kwararar kogin. Gaskiyarsa ce, amma madatsa ajiya take yi, ba ta haifar da ruwa, kuma dawar da talaka ke shukawa a wajen tur'a da ruwan sama kaɗai ta dogara. Wanda ba shi da hawasha shi ne fari ke fara kayarwa, shi ne kuma ambaliya ke fara cinye wa ɗaki.

Abin da ya sa nake ganin amfanin wannan ilimi a aikace shi ne, teku yana da nawa. Zafinsa ba ya sauyawa dare ɗaya, don haka yakan ba da labari watanni kafin shuka. Kimanin na'urorin Argo 4,000 ne ke yawo a tekunan duniya, kowace takan nutse mita 2,000, ta taso bayan kwana goma ta aika da ma'aunin zafi da gishiri, kuma bayanan kyauta ne ga kowa. Abin da ya rage shi ne a kawo su bakin gona. Idan ana sake gina Jami'ar Jazira da cibiyoyin binciken noma da na ruwa na Wad Madani, ya kamata hasashen damina ya shiga sahun farko, a faɗe shi a rediyo da masallaci da Larabci da Hausa, domin manomi ya san ko bana shekarar dawa mai saurin nuna ce ko ta yashe magudanai. Kakanninmu sun yi tafiyar shekaru a ƙasa kafin su sami wannan kogi, suna karanta sama da iska a kowane zango. Haƙƙin jikokinsu ne a koya musu karanta teku.