Tsuntsayen Fadamar Haɗeja da Nguru: Tarihin Ruwa da Baƙinsa

Gabatarwa

A cikin wata jakar fata da kakana ke ajiye layu da tsofaffin takardun haraji, akwai wani ɗan zobe na ƙarfe mai rubutun boko da lambobi. Tun ina yaro nake tambayarsa labarin zoben nan, shi kuwa yakan ce a ƙafar wata agwagwar ruwa ya ciro shi, wadda ta faɗa tarunsa a wani tafki gabas da Haɗeja, shekaru kaɗan kafin a datse kogi a Tiga. Ya ce a lokacin an yi ta gardama a ƙauyenmu. Wasu suka ce agwagwar wani sarki ce ta tsere, wasu kuwa suka ce sammu ne, kada a ci namanta. Sai da na girma na gane cewa masu binciken tsuntsaye na ƙasashen Turai ne suka sa mata shi, don su san inda take zuwa idan ta bar ƙasarsu.

Manufata a wannan 'yar maƙala ita ce in bi tarihin wannan fadama da tsuntsayenta daga wajejen 1960 zuwa yau, in nuna wa mai karatu abin da fari ya yi, da abin da hannun ɗan Adam ya yi, domin a raba su. Ra'ayina shi ne, abin da tsuntsun fadama ke bukata shi ne ruwan da ke zuwa a kan lokaci ya kuma janye a kan lokaci, kuma wannan shi ne ainihin bukatar manomi da masunci da makiyayi.

Yadda Fadamar Take

Koguna biyu ne suka haifi wannan fadama. Kogin Haɗeja yana samun ruwansa daga Kogin Kano da Kogin Calawa, shi kuwa Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Da suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, sai suka tarar da jerin jigayin yashi waɗanda iska ta tara tun zamanin da. Nan ruwan ke rarrabuwa ya bi tsakanin jigayin, ya zama rafuka da tafkuna barkatai, kafin abin da ya rage ya sake haɗuwa ya zama Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi.

A bisa al'ada ruwa yakan cika ya batse a watannin Agusta da Satumba, sa'an nan ya riƙa janyewa a hankali har zuwa bazara. A kan wannan cika da janyewa Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani suka gina rayuwarsu. Manomi ya shuka shinkafa ruwa ya taso da ita, masunci ya bi kifin da ya hau fadama yin ƙwai, in ruwa ya janye a shuka wake a danshin da ya bari, Bafillace kuma ya shigo da shanunsa su ci ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. Ruwan da ya nutse ƙasa shi ke cika rijiyoyi, shi ke shayar da goruba da sauran itatuwa.

Masu Gida da Baƙi

Masana sun ƙidaya irin tsuntsaye fiye da 370 a wannan yanki, kuma ana iya kasa su kashi uku. Akwai 'yan gida, kamar su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Akwai baƙin damina, waɗanda shamuwa ce shugabarsu. Ita takan iso da ruwan fari, ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, da kaka kuma ta koma kudanci da gabashin Afirka. Sai kashi na uku, wato baƙin rani, waɗanda ke tahowa daga Turai da arewacin Asiya wajen watan Oktoba, gudun sanyin ƙasashensu. Cikinsu akwai ƙananan agwagin ruwa irin wadda kakana ya kama, da masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a taɓo, da 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye masu cin ƙwari. Wato shamuwa na fita su suna shigowa, fadama ba ta rabo da baƙo.

Su kansu Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba, har wasu malamansu na da suka ɗauka tsattsewa a ƙarƙashin taɓo take kwana sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wani babban tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus, da mashin mutanen Afirka soke a wuyansa, wanda har yanzu yana ajiye a Jami'ar Rostok. Wannan ya zama shaida cewa tsuntsun daga Afirka ya komo. A 1899 kuma wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, mai suna Hans Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba. Daga wannan dabara tasa zoben jakar kakana ya samo asali.

Abin lura shi ne, kafin baƙon rani ya koma gida a watan Maris ko Afrilu, dole ya tsallake Hamadar Sahara, tafiyar kusan kilomita 2,000 ba ci ba sha. Guzurinsa kawai shi ne kitsen da ya tara a jikinsa a fadamun bakin hamada irin tamu. In fadama ta bushe da wuri, ba zai tara guzurin ba, hamada ce za ta zama kabarinsa.

Shekarun Fari

Shekarun 1950 da farkon 1960 shekaru ne na wadatar ruwa. A 1963 Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000, a 1969 kuwa ruwan da ya malale fadamar Haɗeja da Nguru ya haura murabba'in kilomita 2,000. Daga 1968 ruwan sama ya fara ja da baya a ƙasashen bakin hamada, har aka yi babban farin nan na 1972 zuwa 1974, aka kuma sake yin wani a 1983 da 1984. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 Tafkin Cadi bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa na da ba.

Abin mamaki, tsuntsu ne ya fara kai wa mutanen Ingila labarin farin. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a can suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda suka saba gani a kowane shinge, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Aka bincika ƙasarsu ba a ga dalili ba, sai daga baya aka gano cewa ƙarancin ruwan 1968 a ƙasashenmu ne ya hallaka su. Wannan ya tabbatar da cewa gyaran kurmi a Turai ba ya isa ya tsare tsuntsun da rabin rayuwarsa a Afirka yake yi.

Zuwan Madatsun Ruwa

A cikin wannan hali na fari gwamnatin Jihar Kano, a zamanin Audu Baƙo, ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974. Ba za a ce ba ta yi amfani ba, domin da ita ake noman rani a Kadawa, kuma birnin Kano na shan ruwanta. A 1992 aka gama ta Calawa. Waɗannan biyu su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, sau da yawa ruwan da ke malale fadama bai kai murabba'in kilomita 1,000 ba.

Amma ɓarnar da ta fi raguwar ruwa ita ce sauya masa lokaci. A da kogi yakan zo da ƙarfi da damina ya share hanyarsa, da rani kuma ya ƙafe. Bayan madatsun sai ya zama damina ba ya cika sosai, rani kuma ba ya ƙafewa, saboda ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan kwantaccen ruwa shi ne abin da ciyawar kacalla ke so. Ta bazu ta cinye gonaki da wuraren su, ta tare laka ta toshe rafuka. Ruwa ya karkata zuwa rafin Marma da Tafkin Nguru, inda ya riƙa cin gonakin mutane, alhali wasu garuruwan da ke kan tsohuwar hanyarsa suna kukan ƙishirwa. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wanda ya datse ruwan yana Kano, wanda ya doka yana Guri da Kirikasamma.

Kacalla ta kori agwagi da masu kiwon taɓo, domin su fili suke so da ruwa marar zurfi. Ta kuma zama masauki ga jan baki, wanda ke kwana a cikinta dubbai, da safe ya faɗa wa shinkafa da gero. Daga nan manomi ya fara kallon duk mai fuka-fuki a matsayin abokin gaba, ga kuma feshin maganin jan baki da ba ya zaɓen wanda zai kashe.

Yunƙurin Ceto

A 1987 aka kafa wani shiri na kiyaye fadamar, da haɗin gwiwar gwamnati da ƙungiyar kiyaye halittu ta Nijeriya da takwarorinta na ƙasashen waje. A 1989 Yarima Filif, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci tafkin Dagona don ganin tsuntsaye. A 1991 aka sa Dagona cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi. A 2000 Tafkin Nguru da rafin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2008 aka ƙara da Dagona da Baturiya, a 2020 kuma UNESCO ta amince da yankin a matsayin wurin kiyaye halittu. Ƙidayar watan Janairun 1997 ta sami tsuntsayen ruwa fiye da 320,000, wato da sauran rai a fadamar.

Babban abin da wannan shiri ya bari, a ganina, shi ne lissafin da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990. Sun auna amfanin da ake samu daga noma da su da itacen wuta a fadama, suka kwatanta da na noman rani na Kogin Kano, suka tarar cewa in aka yi la'akari da yawan ruwan da kowanne ke sha, na fadama ya ninka wancan sau da yawa. Ruwan da ake cewa ya tafi a banza cikin fadama, ashe shi ya fi kawo riba.

Sauyin Yanayi da Abin da ke Gaba

Tun daga shekarun 1990 ruwan sama ya ɗan dawo, amma ya sauya hali. Zafi ya ƙaru, ruwa kuma yakan zo da yawa a lokaci guda, ya tarar da rafuka a toshe, sai ya afka wa garuruwa, kamar yadda aka gani a Jihar Jigawa a 2022. Ba mu da iko a kan hadari, amma muna da iko a kan ƙofar madatsa. Masana sun daɗe suna ba da shawara a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Calawa da damina, a rage da rani, don a kwaikwayi kogin da. Haka kuma maganar madatsar Kafin Zaki, wadda aka fara aka bari, takan taso lokaci-lokaci. Kogin Jama'are shi ne wanda har yanzu ke kawo ambaliyarsa ta asali, saboda haka duk mai son datse shi ya kamata ya fara karanta tarihin Kogin Haɗeja.

Kammalawa

Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da agwagwar ruwa? Amsata ita ce gauraka. Shi ake kira tsuntsun ƙasa na Nijeriya, sunansa na cikin kirari da tatsuniya, amma ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan saboda kamu da lalacewar fadamu, har yawancinmu ba mu taɓa ganinsa a daji ba. In tsuntsu ya ɓace, karin maganar da aka gina a kansa takan zama baƙuwa a bakin masu ita. Kakana yakan lissafa sunayen tsuntsayen ruwa da ban taɓa cin karo da su a ƙamus ba, ni kuwa da ƙyar nake kawo goma.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, idan mun je hutu mu zauna da masunta da maharba da sarakunan ruwa, mu rubuta sunayen tsuntsaye da lokacin zuwansu da tafkunan da suke sauka a da. Ina kuma roƙon malamanmu su karɓi irin wannan aiki a matsayin kundin neman digiri. Wannan hidima ce ga harshe, kuma shaida ce da za a iya ajiyewa gaban masu rabon ruwa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.