Shugaba Biyu a Majalisa Ɗaya: 'Yan Tawayen Arewacin Cadi, 1972-1982

Idan muka waiwayi yaƙin basasar Cadi, za mu tarar cewa ba gwamnatin Njamena ce ta fi wahalar da 'yan tawaye ba, shugabancin kansu ne. An kafa ƙungiyar FROLINAT a Nyala ta Sudan a 1966, an kuma kashe jagoranta Ibrahim Abaca a fagen daga a 1968. Abba Siddik, wanda ya gaje shi, yana ba da umarni ne daga ƙasashen waje, mayaƙan tsaunukan Tibesti kuwa suka gaji da umarnin wanda bai san ƙishirwarsu ba. Saboda haka suka kafa majalisar kansu a 1972.

A nan ne Gukuni Waddai ya yi abin da muke ganin shi ne mafarin komai. Shi ɗan Darde ne, wato babban sarkin Tubawan Teda, mayaƙa kuma nasa ne. Amma sai ya bar wa Hisen Habre shugabancin majalisar, ya zauna mataimaki, domin Habre ya yi karatu a Faris, ya iya zance da duniya. Ashe ke nan ɗaya yana riƙe da hatimi, ɗaya yana riƙe da mutane.

Abu biyu ne suka tona wannan rauni. A Afrilun 1974 aka kama Turawa a Bardai, cikinsu da wata Bafaranshiya mai binciken kayan tarihi, Françoise Claustre, Habre ya mayar da ita abin ciniki da Faransa. Jami'in da aka turo sasanci, Galopin, kashe shi aka yi a 1975. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne zirin Awuzu, wanda Libiya ta mamaye a 1973. Gukuni ya ga a karɓi makaman Gaddafi tukuna, maganar iyaka ta jira. Habre ya ce a'a, har mayaƙansa suka yi arangama da sojan Libiya. A ganinmu Habre ya fi hangen nesa a kan wannan batu, ko da yake hangen nesa bai hana shi zama azzalumi daga baya ba. A 1976 majalisar ta tsige shi, ya fice da 'yan mabiyansa. A Janairun 1977 aka saki Claustre ta hannun Gaddafi, a Fabrairun 1978 kuma Gukuni ya ci Faya.

Mutanen Kano da suka manyanta za su tuna taron sulhun Maris 1979, inda aka zaunar da su biyun. Yarjejeniyar Legas ta biyo baya a Agusta, Gukuni ya zama shugaban ƙasa, Habre ministan tsaro. Kafin Maris 1980 ya ƙare suna harbin juna a titunan Njamena, a ranar 7 ga Yuni 1982 kuwa Habre ya ƙwace birnin, Gukuni ya tsallaka kogi zuwa Kamaru.