Ada: Harshen Kwamfuta da Sojojin Amurka Suka Sa Aka Ƙera

A tsakiyar shekarun 1970, Ma'aikatar Tsaron Amurka ta tsinci kanta cikin wata matsala da bindiga ba ta maganinta. Ƙananan kwamfutocin da aka dasa a cikin jiragen yaƙi da makamai masu linzami, da harsuna sama da 450 ake rubuta musu umarni. Kowane ɗan kwangila da nasa. In wanda ya rubuta ya bar aiki, gyara ya gagara, kuɗi kuma su yi ta zurarewa.

A 1975 aka kafa kwamiti ƙarƙashin Laftanar Kanar William Whitaker don samar da harshe guda. Suka yi ta tace sharuɗɗa har suka fitar da kundin Steelman a 1978. Kamfanoni huɗu suka shiga takarar ƙera harshen, aka ɓoye sunayensu da launuka: ja, kore, shuɗi da rawaya, don kada alƙalai su yi son kai. A Mayun 1979 kore ya yi nasara, aikin Bafaranshe Jean Ichbiah na kamfanin CII Honeywell Bull. Aka raɗa wa harshen suna Ada don karrama masaniyar lissafi Ada Lovelace, aka ba ƙa'idarsa lamba MIL-STD-1815, shekarar haihuwarta, a ranar 10 ga Disamba 1980.

Tsananinsa ne ya fi burge ni. In ka ware ma'aunin nisa daban da na nauyi, sannan ka yi kuskuren haɗa su, shirin ba zai ginu ba sam, tun jirgi yana ƙasa. A wancan lokaci kuwa, manhajar da ke fassara Ada sai ta ci jarrabawar tantancewa kafin a amince da ita.

Hukumar ISO ta karɓe shi a 1987. A 1991 doka ta tilasta amfani da shi a ayyukan soja. Masana suka yi ta ƙorafi, a 1997 aka janye tilascin. Duk da haka harshen ya ci gaba da aiki inda kuskure ke cin rai: jirgin Boeing 777, da layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa a Faris, wanda ke tafiya ba direba.

Mu ma wannan ya shafe mu: Nguru gari ne da layin dogo daga Kano ya raya. Duk ranar da aka sabunta wannan layi, kwamfuta ce za ta riƙa ba jirgi hannu, kuma sai an sami masu kula da ita. Don haka ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Gashua, wadda aka kafa a 2013, ku nemi Ada ku koya. Manhajarsa GNAT kyauta ake samunta a intanet.