Daga Fada Zuwa Gadon Majinyaci: Asalin Ginshiƙai Biyar a Likitancin Sin

A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da bugu na 11 na kundinta na jerin cututtuka, kuma a ciki ta ware babi na 26 domin cututtuka kamar yadda masu maganin gargajiya na Sin da Japan da Koriya suke kiransu. Kafin shekarar ta ƙare, ƙungiyoyin masana kimiyya da likitanci na Turai sun yi mata ca, suna cewa ta ɗaure wa abin da ba shi da hujja gindi. Hukumar ta kare kanta da cewa ƙididdiga take son tarawa, ba ta ce magungunan suna warkarwa ba. Kundin ya fara aiki a Janairun 2022, amma har yau ƙurar ba ta lafa ba. Abin da ke tsone wa masu suka ido shi ne ganin irin su "wutar hanta" a littafin da asibitocin duniya ke aiki da shi, kuma wannan magana tana tsaye ne a kan tsohon ra'ayin da Sinawa ke kira wuxing, wato ginshiƙai biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa.

A wannan tsari kowane ginshiƙi yana da gaɓarsa a ciki. Hanta ta itace ce, zuciya ta wuta, saifa ta ƙasa, huhu na ƙarfe, ƙoda ta ruwa. Kowanne kuma da ɗanɗanonsa da launinsa da halinsa: hanta da tsami da fushi, ƙoda da gishiri da tsoro. Suna haifar juna, domin itace ke ciyar da wuta, toka ta koma ƙasa, ƙasa ta fitar da ƙarfe, ƙarfe ya tara raɓa, ruwa ya raya itace. Suna kuma danne juna: ruwa ya kashe wuta, wuta ta narka ƙarfe, ƙarfe ya sare itace, saiwa ta ratsa ƙasa, ƙasa ta tare ruwa. Lafiya ita ce kada wani ya yi wa wani rinjayen da ya wuce kima.

Farkon labarin yana cikin hazo. Wani babi na tsohon littafin Shujing ya jero abubuwan biyar tare da ɗanɗanonsu, amma a matsayin kayan da mai mulki zai kula da su, babu zancen hanta ko huhu. Littafin Zuozhuan ya ba da labarin wani likita mai suna He, daga ƙasar Qin, da ya duba sarkin Jin a shekara ta 541 kafin haihuwar Annabi Isa. Da ya tashi bayanin ciwon, abubuwa shida ya lissafa a matsayin tushen cuta, ciki har da iska da ruwan sama da duhu da haske.

Mutumin da ya sa wa ginshiƙan ƙafa shi ne Zou Yan, malami a ƙasar Qi a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ba likita ba ne. Sarakuna yake wa magana. Ya koyar da cewa kowace daula tana mulki ne da ƙarfin ginshiƙi ɗaya, kuma wadda za ta kayar da ita ita ce mai ginshiƙin da ke danne nata. Wane sarki ne ba zai so jin haka ba, a zamanin da ƙasashe bakwai ke cin juna da yaƙi? Da sarki Qin Shi Huang ya haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, sai ya ce daular Zhou ta wuta ce, saboda haka tasa ta ruwa ce. Masanin tarihi Sima Qian ya rubuta cewa aka mai da tufafin fada da tutoci baƙaƙe, launin ruwa, aka riƙa ɗaura wa keken sarki dawaki shida, lambar ruwa, har Rawayen Kogi aka sauya wa suna. A shekara ta 104 kafin haihuwar Annabi Isa sarki Wu na daular Han ya zaɓi ƙasa da launin rawaya, tunda ƙasa ke tare ruwa.

A ganina daga nan likitoci suka ɗauko shi. Sun ari harshen fada ne domin sana'arsu ta yi daraja a idon masu ilimi, kuma masanin tarihin likitanci na Jamus, Paul Unschuld, ya daɗe yana nuna yadda hoton jiki a littattafan Han ya yi kama da hoton daular kanta. Wanda ya karanta Huangdi Neijing, littafin da aka harhaɗa a zamanin Han wanda har yau shi ne uwar littattafan wannan fanni, zai ga zuciya a matsayin sarki, huhu waziri, hanta sarkin yaƙi, saifa da tumbi kuma masu kula da rumbuna.

Akwai masu cewa daga Girka ko Indiya aka aro ra'ayin. Wannan bai zauna ba. Tsarin Girkawa, wanda ya bi ta hannun Jalinus da Ibn Sina har ya iso wurin malamanmu a matsayin ɗabi'u huɗu, yana da iska, ba shi da itace ko ƙarfe. Masu hujja mai ɗan ƙarfi su ne waɗanda ke cewa dubban shekaru na duba majinyata ne suka haifar da shi. Su kuma ƙasa ce ta ba su amsa. A farkon shekarun 1970 aka tono kaburburan Mawangdui kusa da birnin Changsha, kuma a kabari na uku, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa, aka sami littattafan magani rubuce a kan siliki. Akwai laƙanin cututtuka 52, akwai tofi da surkulle, akwai hanyoyin jiki 11 da ake ƙona ganye a kansu. Ginshiƙai biyar kuwa da ƙyar ake jin ƙanshinsu. Likitocin suna ta aikinsu kafin ra'ayin ya iso musu.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne rabon gaɓoɓin kansa. Littafin Lüshi Chunqiu na wajen shekara ta 239 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka tsara wace gaɓar dabba za a fara miƙawa a hadayar kowane lokaci na shekara, ya haɗa itace da saifa, wuta da huhu, ƙasa da zuciya, ƙarfe da hanta. Neijing ya zo ya juya duka huɗun. Ƙoda kaɗai suka yi tarayya a kanta. Da a gadon majinyaci aka gano cewa hanta ta itace ce, da ba a sami wani littafi mai daraja yana ba ta ƙarfe ba. Babban malamin nan Zhang Taiyan ya kafa wannan hujja a farkon ƙarni na 20, alhali shi mai ƙaunar maganin gargajiya ne.

Duk da haka ba zan ce tsarin bai yi wa kowa amfani ba. Littafin Nanjing mai tambayoyi 81 ya koyar da cewa idan gaɓa ta yi rauni a ƙarfafa uwarta. Ga mutum ya zo da tari na wata da watanni, ya rame, ba ya iya cin abinci. Likita ya taɓa jijiyar wuyan hannunsa da yatsu uku, ya duba harshensa, ya ce huhu ƙarfe ne, uwar ƙarfe ƙasa ce, saboda haka a fara da saifa da tumbi. Bayanin ba gaskiya ba ne, amma majinyacin ya sami mai kula da cinsa. Li Gao, wanda ya ga yadda mutane suka yi ta mutuwa a Kaifeng bayan ƙawanyar da Mongol suka yi wa birnin a 1232, ya gina makaranta guda a kan wannan, yana ganin yunwa da wahala ne suka karya cikin mutane. Shi kuwa Zhang Zhongjing, wanda har gobe ake dafa haɗe-haɗensa na wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, bai jingina littafinsa na zazzaɓi da ginshiƙan ba.

Faɗan gaske a ƙarni na 20 aka yi shi. Yu Yunxiu, likitan da ya yi karatu a Osaka, ya rubuta littafi yana ragargazar Neijing, kuma a Fabrairun 1929 ya sa kwamitin lafiya na gwamnati a birnin Nanjing ya amince da shirin kawar da tsohon likitanci. Ranar 17 ga Maris masu maganin gargajiya suka yi gangami a Shanghai, masu sayar da magani suka rufe shaguna, gwamnati ta ja da baya. Tun kafin nan Yun Tieqiao ya ba da amsar da ta zama mafakar kowa: gaɓoɓin Neijing ba na nama da jini ba ne, ayyukan jiki ne da ke tafiya da lokutan shekara. Dabara ce mai kyau, domin ta sa babu wuƙar fiɗa da za ta iya ƙaryata su, sai dai abin da ba a iya ƙaryatawa ba a iya tabbatar da shi.

Gwamnatin Mao ce ta ba tsarin kujerar dindindin. A 1955 aka kafa cibiyar binciken maganin gargajiya a Beijing, a 1956 aka buɗe kwalejoji huɗu a Beijing da Shanghai da Guangzhou da Chengdu, aka tace tsoffin littattafai masu saɓa wa juna aka fitar da jadawali ɗaya tsaf wanda ɗalibai ke haddacewa. A waccan cibiya ta Beijing Tu Youyou ta yi aikin da ya ba ta lambar Nobel a 2015, na gano artemisinin da muke sha idan zazzaɓin cizon sauro ya kama mu. Ta sami hasken ne daga littafin Ge Hong na ƙarni na 4, kuma laƙanin bai ambaci itace ko ƙarfe ba. Cewa kawai ya yi a jiƙa danƙin ganyen qinghao a ruwa, a matse, a sha. Rashin ambaton dafawa ne ya sa ta yi zargin zafi ke lalata sinadarin, ta koma tatsarsa ba tare da zafi mai yawa ba, kuma a 1971 gwajin ya yi nasara a kan ɓeraye.